Me ya sa aka kasa ƙwace ƙwallon tebur daga hannun Sinawa?

Tambaya: Kusan duk babbar gasar ƙwallon tebur da na kalla, wasan ƙarshe Basine ne da ɗan'uwansa Basine. Yawansu ne ya ba su wannan, ko wani sirri ne a bat ɗinsu? Kuma shi ke nan babu mai iya kayar da su?

Amsa: Malam, abin da ka gani haka yake, alƙaluma ma sun fi abin da ido ke gani tsanani. An shigar da ƙwallon tebur gasar Olamfik a Seoul a 1988. Daga nan zuwa Paris a 2024 an raba lambobin zinare 42, ƙasar Sin ta kwashe 37. Biyar ɗin da suka kuɓuce ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya: Koriya ta Kudu ta ci biyu a gidanta a 1988, Jan-Ove Waldner na Suwidin ya ci na maza a 1992, Ryu Seung-min na Koriya ya ci a 2004, sai Jun Mizutani da Mima Ito na Japan da suka ci na haɗin mace da namiji a Tokyo. A gasar zakarun duniya kuwa, Werner Schlager na Austriya ya lashe kambun maza a 2003, daga nan har gasar Doha ta 2025 Sinawa ne kawai suke miƙa wa junansu shi.

Maganar yawa ita ce ta fi saurin zuwa baki, kuma ita ce ta fi rauni. Indiya tana da jama'a kamar Sin, ba ta taɓa samun ko tagulla a wannan wasa a Olamfik ba. Suwidin kuma, da mutanenta ba su kai miliyan tara ba a lokacin, ta lallasa tawagar maza ta Sin da ci 5 da nema a wasan ƙarshe na duniya a Dortmund a 1989, ta sake ɗaukar kofin a 1991 da 1993. A 1991 ɗin Sin ta bakwai ta zo. Da yawa ne ke ci, da hakan bai faru ba. Yawan yana da amfani, amma sai an sami abin da zai tace shi, kuma matatar ce ainihin amsar tambayarka.

Tushen abin siyasa ne. A shekarun 1950 sabuwar gwamnatin Beijin tana waje da yawancin hukumomin wasanni na duniya saboda rikicin Taiwan, har ta fice daga harkar Olamfik a 1958, ba ta dawo ba sai 1979. Hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ƙarƙashin Bature ɗan Ingila Ivor Montagu, tana cikin ƙalilan da suka buɗe mata ƙofa. A 1959 Rong Guotuan ya ci kambun duniya, shi ne zakaran duniya na farko da Jamhuriyar Jama'ar Sin ta samu a kowane irin wasa. Aka ba Beijin ɗaukar nauyin gasar 1961, gwamnati ta tattara zaratan 'yan wasa daga larduna ta killace su wuri ɗaya, Zhuang Zedong ya ci kambun a 1961 da 1963 da 1965. Shi ɗin ne kuma a Nagoya a 1971 ya miƙa wa Ba'amurke Glenn Cowan kyauta a cikin motar tawagar Sin, abin da ya share hanyar gayyatar 'yan wasan Amurka zuwa Beijin, kafin ziyarar shugaban Amurka Nixon a 1972. Wasan da ya yi wa ƙasa irin wannan aiki ba ya rasa kasafi. Ga shi kuma da araha: teburin siminti a farfajiyar makaranta, a jera bulo a tsakiya a madadin raga, an gama.

To yaya matatar take aiki? Yaro yana farawa da shekara biyar ko shida. Wanda aka ga hannunsa da ƙafarsa sai a kai shi makarantar wasanni ta gari, inda ake raba yini tsakanin aji da tebur. Daga can sai tawagar lardi, mai albashi da koci da likita da wurin kwana. Daga lardi sai rukuni na biyu na tawagar ƙasa, sannan rukuni na farko. Ma Long, haifaffen Anshan a 1988, ya fara yana ɗan shekara biyar, a 2003 ya riga ya shiga tawagar ƙasa. Kowane mataki ana zubar da mutane da yawa, kuma ko ka shiga rukuni na farko kujerar ba taka ba ce. Ana yin wasannin cikin gida inda kowa ke karawa da kowa, na ƙasan rukuni na farko su sauka, na saman rukuni na biyu su hau. Larduna kuma suna da tasu gasar, Wasannin Ƙasa da ake yi duk shekara huɗu, inda jami'an wasanni na lardi ke samun yabo ko zargi gwargwadon lambobin da suka kawo. Shi ya sa lardi ba ya wasa da neman yara.

Sakamakon haka shi ne Basine ɗan tawagar ƙasa ya fi shan wuya a gida fiye da waje. Ɗan wasan Turai na ɗaya a ƙasarsa yana iya yin wata bai kara da wanda ya kai shi ba, sai ranar gasa. Na Sin kullum da safe wanda ke tsaye a ɗaya gefen teburin yana cikin goma na farko a duniya. Dubi Ma Long: ya taɓa zama na ɗaya a duniya kafin 2012, amma ba a saka shi a wasan ɗaiɗai a Landan ba, Zhang Jike da Wang Hao aka zaɓa. A Paris ma, yana riƙe da zinaren 2016 da na Tokyo, wasan tawaga kawai aka ba shi.

Yanzu mu shiga ɗakin atisaye, don nan ne abin yake.

Tebur tsawonsa mita 2.74 ne, faɗinsa 1.525, raga santimita 15.25, ƙwallon kuma giram 2.7 kacal. A irin wannan ɗan fili babu lokacin tunani. Ƙwallon da ƙwararre ya shafa da ƙarfi tana iya juyawa fiye da sau 100 a sakan ɗaya, kuma juyin ne ke yanke hukuncin inda za ta nufa idan ta taɓa robar da ke jikin bat ɗinka: mai juyin baya ta nutse cikin raga, mai juyin gaba ta tashi ta wuce tebur, mai juyin gefe ta fice ta kusurwa. Dole jiki ya san amsa kafin kai ya gama lissafi. Hanyar da Sinawa suka yaɗa tun shekarun 1960 don cusa wannan a jiki ita ce atisayen kwando. Koci yana tsayawa a gefen raga da kwando cike da ƙwallaye, yana ciyar da ɗan wasa ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, ba a tsintar ƙwallo sai kwando ya ƙare. A minti ɗaya ana buga abin da sai an yi mintoci da yawa ana bugawa a wasan mutum biyu, inda rabin lokaci ke tafiya a bin ƙwallo ƙarƙashin kujeru. Da farko wuri ɗaya, juyi iri ɗaya, har bugun ya zauna. Sannan wuri biyu, don ƙafa ta koyi tafiya. Sannan ba tsari, koci ya jefa inda ya ga dama da juyin da ya ga dama.

Kowa a duniya yana atisayen kwando yanzu, amma da yawa suna ɓata shi ta hanya biyu. Na farko, koci ya yi ta sauri don a ga yaro yana gumi. Idan gudun ya wuce abin da yaro zai iya, sai ya daina juya ƙugu ya koma bugu da hannu kawai, ka ga ana maimaita kuskure ɗaruruwan sau a yini har ya zama ɗabi'a. Na biyu, a daɗe a kan tsari ɗaya. Yaron zai yi kyau a atisaye kamar inji, ranar gasa kuma ya rasa ta yi, domin bai taɓa koyon karanta bat ɗin abokin karawa ba. Gwanintar tana hannun mai ciyarwa, kuma Sin tana da dubban tsofaffin 'yan wasa da tsarin ya zubar, waɗanda hannunsu ke iya fitar da kowane irin juyi. Wannan tarin kociyoyi na ƙananan matakai ya fi taurarin da kake gani a talabijin wuyar kwaikwayo.

Abu na biyu shi ne abin da suke kira ƙwallaye uku na farko: sabis (bugun da ake fara kowane maki da shi), mayar da sabis, da bugun da mai sabis zai yi na uku. A babban mataki yawancin maki a nan suke ƙarewa, dogon musayar da ake yaɗawa a bidiyo ba shi ne galibin wasa ba. Basine yana yin sabis ne da sanin abin da zai dawo masa. Misali, gajeren sabis mai juyin baya wanda, da za a bar shi, zai yi tsalle biyu a kan tebur, na biyun daf da bakin layi. Ba ya fitowa waje balle ka zabga masa, dole ka tura shi. Idan turawarka ta yi tsawo da ɗan yatsa, ya riga ya zagaya ya buɗe wuta da bugun gaban hannu. Sai can a maki na takwas ko tara, da motsin hannu iri ɗaya sak, ya aiko wadda ba ta da juyi ko kaɗan. Ka tura ta kamar ta farko, ta tashi sama, ya kashe. Bambancin sabis ɗin biyu yana inda ƙwallo ta taɓa roba ne, kusa da bakin bat ko kusa da mariƙi, da kuma ko an shafe ta ko an tura ta. Ana ware lokaci na musamman kullum don sabis kaɗai, mutum ɗaya da kwandonsa.

Na uku, wanda a ganina shi ya fi kowanne nauyi: suna ƙera abokan hamayyarsu a gida. Tun gabanin gasar 1961, da Japanawa suka fito da sabon bugu mai ɗaga ƙwallo da juyin gaba, aka sa wasu 'yan tawaga suka bar nasu salon suka koyi na Japan don kawai manyan su saba da shi. Al'adar ba ta mutu ba. Idan wani baƙo ya fara zama barazana, ana nazarin bidiyonsa, a samo wanda zai kwaikwayi sabis ɗinsa da tsayuwarsa, da irin robarsa. Tawagar tana ajiye bahagwai, da masu yanka ƙwallo daga nesa, da masu roba mai ƙuraje, ko da ba za su taɓa zuwa Olamfik ba. Mata kuma suna atisaye da maza, don ranar gasa ƙwallon kowace mace ta zo musu da sauƙi. Saboda haka baƙo yakan ci Basine karo na farko, ya sha wuya a na biyu, a na uku kuwa ya tarar an toshe duk ƙofofinsa.

Abin da ya biyo bayan kunyar 1989 ya nuna yadda suke gyara. Tsohon salonsu na riƙon alƙalami, wato a riƙe bat kamar alƙalami, a tsaya daf da tebur ana mari da sauri, ya gaza a gaban Turawa masu riƙon musafaha da ke ɗaga ƙwallo da ƙarfi ta ɓangare biyu. Aka dawo da Cai Zhenhua daga Italiya, inda yake aikin koci, aka ba shi tawagar maza. Bai tsaya kare gado ba. Aka rungumi riƙon musafaha, aka tura matasa Turai su goge, Kong Linghui ya je Suwidin kanta. Masu riƙon alƙalami kuma aka manna musu roba a bayan bat, su riƙa bugun bayan hannu da ita, dabarar da Liu Guoliang ya fara fitarwa, Ma Lin ya ɗora, Wang Hao ya kai ta ƙarshe. A Tianjin a 1995 suka karɓe kofin daga Suwidin da ci 3 da 2, har da fito da Ding Song, mai yanka ƙwallo da aka yi ta ɓoyewa, ya rikita Peter Karlsson na Suwidin. A Sydney a 2000 Kong ɗin nan ne ya doke Waldner a wasan ƙarshe. Suwidin ta sake cin kofin tawaga a 2000, daga 2001 zuwa 2024 kuwa ba wanda ya ƙara taɓa shi sai Sin. Yawancin dabarun nan ma aro ne. Bugun nan na bayan hannu da ake lanƙwasa wuyan hannu a ɗauki gajeren sabis daga kan tebur, Petr Korbel na Czech aka san shi da shi, amma Zhang Jike ne ya ci duniya da shi.

Batun bat kuwa, akwai bambanci, amma ba sirri ba ne. Doka ta ce roba da sosonta kada su wuce kaurin milimita 4 a kowane gefe, kuma ana duba bat a manyan gasa. Yawancin Sinawa suna sa roba mai danƙo da soso mai tauri a gefen gaban hannu, wadda ta fi shahara ita ce Hurricane 3 ta kamfanin DHS. Sabuwarta idan ka danna ta a kan ƙwallo tana iya ɗaga ta. Robobin Japan da Jamus, irin su Tenergy, ba su da wannan danƙo, sosonsu ne ke harba ƙwallo. Mai danƙon tana da amfani biyu: a ƙaramin taɓi ba ta tsalle, don haka gajeren wasa kusa da raga yana zama ƙasa-ƙasa, a babban bugu kuma tana ba da juyi mai nauyi da ƙwallo mai nutsewa bayan ta taɓa tebur. Sharaɗinta shi ne ba ta ba ka gudu kyauta. Sai ƙarfi ya taso daga ƙafar baya, ya bi ta ƙugu, hannu ya biyo a buɗe. Wanda ya saya don ya ji Ma Long da ita yake wasa, alhali da hannu kawai yake bugu, zai ga ƙwallonsa tana mutuwa a raga. Tana kuma cin juyin abokin karawa sosai, ƙura tana kashe danƙonta, danshi yana sa ƙwallo ta zame. Wadda ake sayarwa a kasuwa ba daidai take da wadda ake zaɓar wa tawagar ƙasa ba, gaskiya ne, amma ba wannan ne ya raba ka da su ba. Kamfanonin Japan da Jamus ma yanzu suna yin robobi masu ɗan danƙo, kuma Turawa da yawa sun koma kansu.

An yi ta canza dokoki, wasu don talabijin, wasu kuma kowa ya san wa ake nufi. A 2000 aka ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40. A 2001 aka rage zagaye daga maki 21 zuwa 11. A 2002 aka hana ɓoye ƙwallo da jiki lokacin sabis. A 2008 aka haramta gam mai ƙara gudu, a 2014 aka koma ƙwallon filastik. Canjin yakan taɓa mutum ɗaya, kamar yadda babbar ƙwallo da dokar sabis suka rage kaifin Liu Guoliang, amma tawagar da ke da masu bincike da ɗimbin 'yan wasan gwaji ita ke riga kowa sabawa. Dokar da ta yi tasiri ita ce wadda aka yi bayan Beijin 2008, inda Sinawa suka kwashe zinare da azurfa da tagulla a ɗaiɗai na maza da na mata: aka ce kowace ƙasa mutum biyu kawai. Wannan bai rage ƙarfinsu ba, tagulla kawai ya bar wa sauran duniya.

Tsarin yana da nasa mummunan gefe. Yaran da aka zubar a hanya sun yi asarar karatu mai yawa. An kuma yi zamanin da shugabanni ke umartar ɗan wasa ya sakar wa ɗan'uwansa wasa. A 1987 aka ce He Zhili ta bar wa Guan Jianhua wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙi, ta ci kambun duniya, aka bar ta a gida a Olamfik ta 1988. Ta koma Japan, a 1994 ta doke Deng Yaping ta Sin a gasar Asiya da sunan Chire Koyama. Waɗanda ba su sami gurbi ba kuma suna watsuwa duniya. Matan Singafo da suka kayar da Sin a wasan ƙarshe na duniya a Mosko a 2010, su Feng Tianwei, a Sin aka haife su aka horar da su. Ni Xialian, zakarar duniya da tawagar Sin a 1983, ta buga wa Luxembourg a Paris tana da shekara 61. Tomokazu Harimoto na Japan ma iyayensa 'yan wasa ne daga Sichuan.

Ana kayar da su? Ana yi, ɗaya-ɗaya. Quadri Aruna na Najeriya ya nuna iya inda hazaƙa ba tare da irin wannan tsari ke kai mutum: a Rio a 2016 ya fitar da Chuang Chih-yuan da Timo Boll, ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a Olamfik, sai ya haɗu da Ma Long ya sha 4 da nema. Omar Assar na Masar ya kai wannan mataki a Tokyo, shi ma Ma Long ne ya tare shi. Mai ƙarfin gaban hannu irin Aruna, maganinsa a wurinsu sananne ne: a ja shi raga da gajeriyar ƙwallo ta dama, a tura doguwa mai sauri bayan hannunsa ko daidai gwiwar hannu, inda sai ya yi shawarar wane gefe zai yi amfani da shi.

Waɗanda ke cin su yawanci masu salon da ke da wuyar kwaikwayo ne. Truls Möregårdh na Suwidin, mai canza gudu da taɓe-taɓen da ba a koyarwa a makaranta, ya fitar da Wang Chuqin, na ɗaya a duniya, tun a zagaye na biyu a Paris. A gasar ɗin Harimoto ya sa Fan Zhendong na Sin a gaba da 2 da nema kafin Fan ya farfaɗo ya ci 4 da 3, kuma da ya faɗi a nan da babu Basine namiji ko ɗaya a kan dandamalin ɗaiɗai. Matan Japan sun doke Sin a wasan ƙarshe na gasar Asiya a Astana a 2024. Tazarar a ɓangaren maza ta ragu ƙwarai, musamman da Ma Long da Fan Zhendong suka janye daga jadawalin duniya a ƙarshen 2024. Amma cin kambu yana buƙatar ka kayar da biyu ko uku a jere cikin kwana biyu, kowanne da kocin da ya kalli wasanka na jiya. Hugo Calderano na Birazil ya yi hakan a Macau a Afrilun 2025, ya doke Wang Chuqin sannan Lin Shidong ya ɗauki kofi. Wata ɗaya bayan nan suka sake haɗuwa da Wang a wasan ƙarshe na duniya a Doha, Wang ya ci 4 da 1, biyu daga cikin zagayen ma 11 da 3 da kuma 11 da 2.